ZAMAN TARE: Bayan "Lafiya Lau", Sai Me?

 A wannan wata za mu ɗan fita daga cikin gida, mu bi maigida da uwargida zuwa wurin aikinsu. Gama wanda yakan fita tun ƙarfe takwas na safe, ba ya komowa sai la'asar, rabin zamansa na duniya da abokan aiki yake yinsa.

Ku zo mu tsaya da safe a bakin sakatariyar ƙaramar hukuma a Sule Tankarkar, ko a ɗakin malamai na wata makaranta a Danzomo, ko a ɗakin shan magani a Danladi. Ga abin da kunnenmu zai ji:

"Ina kwana?" "Lafiya lau."
"Ina gajiya?" "Ba gajiya."
"Ina gida?" "Lafiya lau."
"Ina aiki?" "Da godiya."
"Ina labari?" "Sai alheri."
"To, madalla."

Tambaya biyar, amsa biyar, duka cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Wanda ya kwana da ciwon haƙori, da wanda aka yi wa haihuwa daren jiya, da wanda fari ya ƙone masa gero, amsarsu ɗaya ce. Daga nan kowa ya nufi teburinsa, ko kuwa a zamanin nan ya sunkuyar da kai a kan wayarsa. Mutum biyu sai su shekara goma a ofis guda, suna gaisawa kowace safiya, amma ba wanda ya san abin da ke hana ɗan'uwansa barci. Maganarmu ta yau ita ce: bayan an ce "lafiya lau", wace tambaya ce za ta biyo baya?

ABIN DA YA SAME MU

Shekarun baya mun yi koyarwa a wata makarantar firamare a ƙasar Sule Tankarkar. Akwai wani malami a cikinmu, mutum mai shiru-shiru, wanda ba a san shi da latti ba. Wata damina sai ya soma zuwa bayan an shiga aji. In an fita tara, maimakon ya zauna da mu a gindin darbejiya, sai ya kifa kai a bisa tebur ya yi ta barci. Muka soma gunaguni. Wani ya ce gona ce ta ɗauke masa hankali, wani ya ce ai kasuwanci ya fara. Hedimasta har ya yi shirin rubuta masa takardar gargaɗi. Kullum kuwa muna gaisawa da shi. Kullum mukan ce, "Malam, ina gida?" shi kuma ya ce, "Lafiya lau." Haka muka yi har mako uku.

Wanda ya warware mana al'amarin shi ne tsohon da ke gadin makarantar, mutumin da bai taɓa shiga aji ba. Ran nan malamin ya kafe babur ɗinsa, suka gaisa, sai tsohon ya rage murya ya ce, "Malam, kwana biyu ina ganin kana ɓullowa ta hanyar Gumel, ba ta hanyar gidanka ba. Wa muke da shi a can?"

Malamin ya yi shiru. Can sai ya ce, "Baba, yarinyata ce a asibiti. Uwarta tana da goyo, ni ne nake kwana da ita, da asuba in kamo hanya. Yanzu ma an ce sai an ƙara mata jini."

Tsohon ya ce, "Sannu, Malam. Ka yarda in gaya wa hedimasta?" Ya ce ya yarda. Kafin azahar an mayar da darasinsa na farko zuwa bayan tara, an yi karo-karo, malamai biyu sun tafi Gumel an gwada jininsu, na ɗaya ya dace. Yarinya ta tashi. Mu kuwa masu takardun shaida, da muka zauna da mutum mako uku muna cin namansa, kunya ta rufe mu.

Ku lura da abin da tsohon nan ya yi. Ya fara da gaisuwa kamar kowa. Sa'an nan ya tambayi abin da idonsa ya gani. Ya rage murya don kada wani ya ji. Bai ce, "Me kake zuwa yi a Gumel?" ba, ya ce, "Wa muke da shi a can?" Watau tun bai ji amsa ba ya riga ya sa kansa cikin dangi. A ƙarshe kuma bai kai maganar gaba ba sai da ya nemi izini.

GAISUWA BA TA DA LAIFI

Kada mai karatu ya ɗauka muna raina gaisuwarmu ta gargajiya. Malamin nan bai yi mana ƙarya ba da ya ce "lafiya lau". Ladabi ne ya hana shi sauke kayansa a bakin ƙofa, a gaban wanda bai nuna alamar zai taya shi ɗauka ba. Aikin gaisuwa shi ne ta nuna cewa na gan ka, na girmama ka, ba kuwa wani abu tsakanina da kai sai alheri. Tun a shekarar 1923 wani masanin al'adun mutane, Bronislaw Malinowski, ya rubuta cewa irin wannan magana ana yinta ne domin ƙulla zumunci, ba domin ba da labari ba. Kakanninmu sun riga shi sani. Shi ya sa wanda ya wuce mutane bai gaishe su ba akan ce ba shi da tarbiyya.

Amma fa gaisuwa kamar sallama ce a ƙofar zaure. In an amsa maka, an ba ka izini ka shigo ka zauna. Da yawa a cikinmu mukan yi sallama, a amsa, sa'an nan mu juya mu tafi. Gobe mu komo mu sake sallama. Tambayar da ke bin gaisuwa ita ce zama a kan tabarma.

DARASI DAGA KASUWAR MAIGATARI

Wanda yake so ya ga gwanayen tambaya, ya tafi Maigatari ranar Alhamis, ranar da kasuwa take ci. Can ne Nijeriya da Nijar suke haɗuwa. Ga raƙuma, ga shanu, ga tumaki da awaki, ga buhunan riɗi da zoɓo. Ana jin Hausa da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, ana lissafi da naira da sefa, ga kuma masu saye da suka taso tun daga kudancin ƙasar nan.

Ku tsaya kusa da dillalin da ya iya aikinsa. In makiyayi ya iso da dabbobinsa, dillali ba ya fara da kuɗi. Bayan doguwar gaisuwa yakan ce, "Kwana nawa kuka yi a hanya? Yaya kuka baro ciyawa a wajenku? Rijiyar nan da ka ce ta ƙafe bara, an yashe ta?" Makiyayi ya saki jiki, gama ya ga an tuna da shi, an kuma tuna da rijiyarsa. Shi kuwa dillali, kafin a ambaci farashi ya riga ya san ko dabbobin sun gaji, ko mai su yana sauri ya koma, ko akwai wasu masu zuwa mako mai zuwa. Hira ta yi daɗi, ciniki ya yi sauƙi, baɗi kuma wurinsa za a sake sauka.

Akwai darasi na biyu. A watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020. Aka sake rufe iyakar Nijar a Agusta 2023 bayan juyin mulkin da aka yi a can, Nijeriya ta buɗe nata gefen a Maris 2024. A irin waɗannan lokatai, in ka ce wa ɗan kasuwa, "Ta wace hanya kuka biyo?" sai ya kalle ka kamar ma'aikacin kwastan, ko da kuwa ba shi da abin ɓoyewa. Tambayar da jiya ta zama ta zumunci, yau ta zama ta bincike. Ashe kyan tambaya ya danganta ga lokacinta, da mai yinta, da wanda ake yi wa.

TAMBAYA IRI BIYAR DA TAKAN BUƊE BAKI

Ta fari ita ce tambayar abin da ke gaban mutum. A ƙasarmu ta jigawa, malamin makaranta manomi ne, akawu manomi ne, malamin asibiti ma yana da gonarsa. In ka ce, "Ina ruwa?" za a ce maka, "Ya yi gyara." To, ka ɗora: "Binnen da ka yi a gonarka ta hanyar Jeke ya tsira, ko sai da ka sake shuka?" Da kaka ka ce, "Bana riɗi ka fi yi ko zoɓo? Wanne ka ga ya fi jimrin rairayin nan?" Ba a amsa irin wannan da "lafiya lau". Mutum zai ajiye alƙalami ya juyo, gama ka taɓa abin da ya kwana yana tunani.

Ta biyu ita ce tambaya mai fili, wadda ba a kashe ta da "i" ko "a'a". In ka ce, "Ka je ɗaurin auren?" amsa ita ce, "Na je," magana ta mutu. In ka ce, "Yaya kuka sami hanya da ruwan nan na Jumma'a?" labari ya samu. Amma a kula da kalmar "don me". Kalmar alƙali ce. "Don me ka bar aikin banki?" tana sa mutum ya soma kare kansa. "Yaya aka yi ka komo koyarwa?" tana sa ya ba da labarinsa. Abu guda aka tambaya, amma ƙofa biyu aka bi.

Ta uku, wadda ta fi duka, ita ce tambayar da ta fito daga bakin mutumin kansa. Abokin aikinka ya ce, "Jiya na kai yarona Gumel, ya sami Kwalejin Ilimi." Yawancinmu sai mu ce, "Madalla! Ai ni ma ɗan wana can ya yi," mu kama labarin ɗan wanmu har hira ta ƙare. Mun ƙwace masa magana ke nan. Da mun ce, "Madalla! Me zai karanta? Shi ya zaɓa ko ku kuka ba shi shawara?" da uban ya yi ta bayani da fara'a.

Masana sun gwada wannan. A shekarar 2017 wasu masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka, cikinsu da Karen Huang da Alison Wood Brooks, suka buga sakamakon wani gwaji. Sun haɗa mutane bibbiyu waɗanda ba su san juna ba, su yi hira a rubuce ta kwamfuta har minti 15. A asirce aka gaya wa waɗansu su yi tambaya aƙalla 9, waɗansu kuma kada su wuce 4. Da aka gama, masu yawan tambaya su ne abokan hirarsu suka fi so. Tambayar da ta fi jawo ƙauna kuwa ita ce wadda ta bi sawun abin da mutum ya faɗa yanzu. Dalili a fili yake: ba mai iya yin irin wannan tambaya sai wanda ya saurara.

Ta huɗu ita ce tambayar abin da mutum ya fi ka sani. Kowa a wurin aiki yana da nasa ilimin. Direba ya san wace hanya ce rairayi yake kama mota da rani. Ungozoma ta san abin da ke hana matan wani ƙauye zuwa awo. Tsohon akawu ya ga yadda aka raba ma'aikata da takardu sa'ad da aka cire Jihar Jigawa daga Jihar Kano ran 27 ga Agusta 1991. In a cikinku akwai dattijo mutumin Gagarawa, ku tambaye shi zamanin da jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru yake ɗaukar gyaɗa, ku ga yadda fuskarsa za ta washe. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Wanda aka tambaya ma yana da riba, gama an nuna masa cewa abin da ke kansa yana da daraja.

Ta biyar ita ce tambayar tuni. Ranar Litinin abokiyar aikinki ta ce tsohuwarta tana fama da ƙafa. Ranar Alhamis ki ce, "Malama, yaya ƙafar Inna? Ta soma takawa?" Tambaya ce ƙarama, amma ta gaya mata cewa maganarta ba a iska ta tafi ba. Wanda ya san yana da mantuwa, ba laifi ya rubuta a bayan littafinsa.

TAMBAYAR DA BA A YI

To, amma akwai tambaya, akwai bin diddigi. A garuruwa irin namu, inda kowa ya san kowa, maganar da aka yi a ofis da hantsi takan riga mai ita zuwa gida. Saboda haka akwai abubuwan da mai hankali ba ya taɓawa sai mai su ya kawo da kansa.

Ba a tambayar mutum nawa ne albashinsa, ko nawa ya sayi abin hawansa, ko wa yake binsa bashi. Ba a tambayar makiyayi yawan shanunsa. Ba a ce wa macen da ta daɗe da aure, "Har yanzu shiru?" Wannan tambaya ta sa mata da yawa kuka a ɓoye, alhali mai yinta yana ganin wasa yake. Ba a ce wa saurayi ko budurwa kullum, "Yaushe za mu sha biki?" Namiji ba ya kama sunan matar abokin aikinsa yana tambayar lafiyarta, sai ya ce, "Yaya iyali?" A gidaje da yawa akwai kunyar ɗan fari, saboda haka kada ka matsa wa uwa ko uba su faɗi sunansa. Lokacin zaɓe kuma kada ka ce, "Wa ka jefa wa?" Wanda ya ce maka jikinsa "da sauƙi", bai ƙara kome ba, ka yi masa sannu ka tsaya nan. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

A shekarar 1974 aka buga wata lacca ta A. H. M. Kirk-Greene, Baturen da ya daɗe yana aiki a Arewa, mai suna Mutumin Kirkii. A cikin halayen da ya lissafta waɗanda Hausawa suke auna mutum da su akwai kunya, da ladabi, da amana, da mutunci. Waɗannan huɗu su ne ma'aunin tambaya. Kafin ka buɗe baki, ka auna ta da abu uku. Shin mutumin yana iya kauce mata ba tare da ya ji kunya ba? Shin don shi nake tambaya, ko don in sami abin faɗa a majalisa da dare? Shin in ya amsa, maganar za ta tsaya a wurina? In ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, shiru ya fi.

Har wa yau, kada hira ta zama tuhumar ɗan sanda. In ka yi tambaya biyu, kai ma ka ba da naka. Ka ce, "Ni kam bana ƙuduji ya cinye mini gero." Wanda ya ga ka buɗe rumbunka ba zai ji tsoron buɗe nasa ba. In kuwa ka ga yana ba ka amsa guntu-guntu, yana kallon takardarsa, to, labarin zuciya a tambayi fuska. Ka bar shi sai wata rana.

BABBA, DA MACE, DA BAƘO

Tambayar shugaba tana da nauyi. In hedimasta ya ce wa ƙaramin malami, "Ina ka je jiya?" ko da da murmushi ya faɗa, gaban malamin zai faɗi. Saboda haka babba ya tambayi abin da ba ya kama da laifi. Ya ce, "Malam, me ya fi ba ka wuya a ajin nan?" ko "Da kai ne a kujerata, me za ka fara gyarawa?" Sa'an nan ya yi haƙuri ya saurara, kada ya amsa wa kansa. Masinjan da shugabansa yakan tambaye shi lafiyar 'ya'yansa, shi ne zai iya cewa wata rana, "Ranka ya daɗe, takardar nan kamar akwai kuskure." Inda ƙanana suke tsoron buɗe baki a ƙaramin abu, ba za su buɗe a babba ba, kuskure kuwa yakan girma a ɓoye. Ƙarami shi ma yana da hanyarsa, watau neman shawara: "Yallaɓai, sa'ad da kuka fara aiki, yaya kuke yi da irin wannan?"

Tsakanin namiji da mace a wurin aiki, hira ta tsaya a fili, a gaban mutane, a kan aiki da yara da gona da kasuwa. Tambayar da ba za ka iya yi wa matar wani a gaban mijinta ba, kada ka yi ta a bayansa.

Ga kuma baƙo. Tun da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, kowace shekara akan turo samari da 'yan mata daga nesa zuwa makarantu da asibitocin ƙasar Gumel. Yawancinsu ba su jin Hausa, ba su saba da zafin bazara ko sanyin hunturu irin namu ba. Abin da muka saba tambayarsu shi ne, "Kana jin daɗin garinmu?" Me zai ce in ba "i" ba? Gara a ce, "Wane abinci ne na gida ka fi kewa?" ko "Me ka gani a nan wanda ya ba ka mamaki?" ko "Ina kake samun ruwa?" Ta ƙarshen nan takan tono matsalar da aka iya magancewa a yini ɗaya. A kuma tuna cewa baƙo bai san wasan barkwanci ba. Abin da Bafulatani da Babarbare za su gaya wa juna su yi dariya, shi yana iya ɗauka zagi ne.

Da yawa cikin masu karatunmu na wannan yanki suna aiki ne tare da 'yan'uwa Musulmi. Lokacin azumi a yi musu sannu da ibada, da maraice a ce barka da shan ruwa. Wanda ya komo daga aikin Hajji a tambaye shi yadda ya sami hanya da abin da ya gani. Tambaya don a sani tana ƙara zumunci. Tambayar da aka ɗana kamar tarko don a ja gardama, ofis ba wurinta ba ne.

BA ƁATA LOKACI BA NE?

Wani zai ce, "An ɗauke mu aiki ne, ba hira ba." Yana da gaskiyarsa. A shekarar 2021 wata malama a Jami'ar Rutgers ta Amurka, Jessica Methot, da abokan aikinta suka buga binciken da suka yi a kan ma'aikata 151, waɗanda suka bi har kwanakin aiki 15. Sun tarar cewa ranar da mutum ya yi 'yar hira da abokan aiki yakan fi jin daɗin ransa, yakan kuma fi son taimakon waɗansu. Amma sun tarar kuma cewa hirar takan ɗauke hankali daga aiki. Duka biyun gaskiya ne. Hira kamar gishiri ce a miya, akwai gwargwadonta.

Saboda haka a san lokacinta: da safe kafin a fara aiki, lokacin tara, a cikin mota in an fita rangadi, ko sa'ad da ake jiran a buɗe ofis. Ma'aikacin da ya bar marasa lafiya a layi, ko ya bar yara a aji, ko ya bar dattijon da ya taso daga ƙauye tun asuba a tsaye, yana can yana hirar ƙwallo, wannan ya ci amanar aikinsa. Tambayar tsohon maigadin nan ba ta ci minti biyu ba.

A FARA DAGA GIDA

Bakin da bai saba tambaya a gida ba, ba zai iya a ofis ba. Maigida ya komo, uwargida ta ce, "Sannu da zuwa, ina aiki?" ya ce, "Da godiya," shi ke nan sai tuwo. Yara su komo daga makaranta, a ce, "An tashi?" su ce, "An tashi." Mu gwada wani abu dabam. A ce wa yaro, "Me ya ba ku dariya yau a aji?" ko "Da wa ka zauna lokacin tara?" Maigida ya ce wa uwargida, "Cinikin nan da kika ce jiya bai yi ba, yau fa?" Yaron da ya tashi a gidan da ake tambayarsa, ake kuma sauraron amsarsa, zai fita da wannan hali duk inda aiki ya kai shi.

Ga aikin da muke ba masu karatu a wannan wata. Kowa ya zaɓi mutum ɗaya a wurin aikinsa wanda ya daɗe yana gaisawa da shi amma bai san kome game da shi ba. Wataƙila mai shara ne, ko direba, ko malamin da yake zama shi kaɗai a ƙarshen benci. Gobe da safe ka gaishe shi sosai kamar yadda aka saba, kada ka rage kome. In ya ce "lafiya lau", kada ka wuce. Ka tsaya, ka yi masa tambaya guda wadda ta dace da shi, ka saurari amsar har ƙarshe. Bayan kwana uku ka komo masa da ita. Ba kullum ne za ka tarar da yarinya a asibiti ba. Yawancin lokaci labarin gero ne, ko na babur da ya ƙi tashi. Amma wanda ya saba gaya maka labarin geronsa, ranar da babban abu ya same shi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa. A gaishe mana da mutanen gida.